Kaskon Kawu da Soson Ƙarfen Umma

Shekarun baya, lokacin da ba ni da wata sana'a da ta wuce tara rigunan aiki a ƙarƙashin gado, wani kasko ya kusa sa ni ciwon zuciya. Kaskon gasa pizza. Masu yawan tambayata yadda aka yi na shiga harkar nan, to ga amsarku yau, sai dai ku yi haƙuri, da ɗan tsawo.

Ni ne auta a gidanmu. Yayana likita ne, yayata akanta ce, ni kuwa na bar college ban gama ba. Ba korata aka yi ba, ba kuma kan ne ba ya ja ba, zaman ne kawai ba na iyawa. In na zauna a aji, ji nake kamar an zuba min cinnaka a wando. Daga nan na yi warehouse, na yi delivery da keke, na yi wankin mota, na je koyon aski na gudu tun kafin a ba ni kan mutum na farko. Kowane aiki ya ba ni riga, ni kuma na ba shi baya. Ni da mahaifiyata muke zaune a wani flat a Salford, ita nas ce, shift take yi a asibiti. A lokacin ta riga ta daina yi min faɗa, kuma wallahi shirun ya fi faɗan zafi. In na ce mata na samu sabon aiki, sai ta ce, "To Auta, Allah ya sa a daɗe ana yi," ta ci gaba da abin da take yi ko ɗagowa ba ta yi.

Ina da wani aboki da yake uni a Birmingham, yana zaune a Perry Barr. Wata rana na kai masa ziyara, yunwa ta kama mu, aljihu kuma ba nauyi, ya ce mu je shagon kawunsa a wajen Ladywood mu kwashi garaɓasa. Kawun nan dattijo ne Bazazzagi, ya daɗe a Chicago yana aikin kicin kafin ya dawo Ingila ya buɗe ɗan shagonsa. Nan na fara ganin pizzar da suke kira deep-dish.

Ni a sanina pizza kamar faifai take, shimfiɗaɗɗiya, ka naɗe ka tura. Wannan kuwa katanga gare ta. Ana manna kwaɓin a cikin kasko mai zurfi har ya hau gefe, a jera cuku a ƙasa, a zuba nama, sannan tumatir ya zo a sama. Komai a juye. Da Kawu ya yanko mana, sai da na sa cokali mai yatsu. Na gama ci na tsinci kaina a ƙofar kicin ina kallon hannunsa, yadda yake danna kwaɓin da 'yan yatsu yana hawa da shi gefen kasko kamar mai yaɓe. Ban san na daɗe ba sai da na ji abokina yana cewa, "Kawu, yau ga abin al'ajabi. Mutumin nan ya tsaya waje ɗaya, ko waya bai ciro ba."

Daga ranar na maƙale. Duk sanda na samu kuɗin train sai Birmingham, na tsaya a ƙofar kicin. Ran nan dai na yi ta maza na ce, "Kawu, ina so ka ɗauke ni na koya."

Ya goge hannu da tawul, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, labarinka ya riga ka zuwa. An ce kai ba ka ɗumama kujera."

Na harari abokina, shi kuma ya kama kallon silin.

Kawu ya ce bayansa ya fara ba shi matsala, yana buƙatar hannu, amma ya koya wa yara a baya, da sun iya kwaɓi sai su ɓace. Ya ce ya gaji da shuka a idon makwarwa. Sai ya miƙa hannu bango ya sauko da wani kasko da ban taɓa ganin ya yi aiki da shi don kwastoma ba. Baƙi ƙirin, ciki da waje, yana wani irin sheƙi kamar an shafa masa kwalta.

"Ka tafi da wannan gida. Ka kwaɓa da hannunka tun daga fulawa, ka gasa a oven ɗinku, ba nawa ba. Asabar ta sama ka dawo min da shi da pizza a ciki. In na ci na gamsu, akwai ɗaki a saman shagon nan." Ya riƙe kaskon bai saki ba. "Abu ɗaya. Ba sabulu, ba soso. Tsumma da ɗan mai, shi ke nan. Baƙin nan da kake gani shi ne kaskon. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

A hanyar tasha abokina sai kallon jakata yake. Ya ce, "Kai ka san me ka ɗauko kuwa? Mutumin da ya koya masa aikin ne ya ba shi. Ranar da zai baro Amurka kayansa suka yi nauyi a filin jirgi, ya ciro babbar rigarsa da takalma ya bar su a can, ya taho da wannan. Ni da nake ɗan ƙanwarsa bai taɓa bari na ɗaga shi ba."

Na ce, "To me ya sa ya ba ni?"

"Don ya ga ko za ka dawo mana. Ni dai in ka ɓatar da shi, ban san ka ba."

Ban gaya wa Umma komai ba. A lokacin ita da yayana sun dage sai na koma college, kuma ni na gaji da jin "Allah ya sa a daɗe ana yi." So nake ko sau ɗaya na kawo mata abu a gama, ba a fara ba. Na ɓoye kaskon a ƙarƙashin gado cikin tsofaffin rigunan aikina. In ta fita shift sai na fito da shi, in na gama na buɗe tagogi, na kunna turaren wuta.

Ta farko da na yi, tafki ce. Ban tsane ruwan tumatirin ba, ina yankawa ya malale, gindin kuma ɗanye cakal. Ta biyu na cika garin masara a kwaɓin, ta fito kamar bulo, na kusa barin haƙori a ciki. Amma abin da ya ba ni mamaki, ban ji zan daina ba. Ina kwance ina tunanin bota, ko na sa ta da sanyinta ne ko na narkar. Kuma duk shirmen da na yi, kaskon nan bai taɓa riƙe min kwaɓi ba. Ka zura wuƙa ta gefe, sai ta taso gaba ɗaya sumul.

Ranar Alhamis na yi wadda ta kusa. Gefen ya yi ƙus-ƙus, gindin ya gasu, sai dai na cika cuku, ya tafaso ya zubo ta baki ya ƙone a jiki. Na ci, na ji daɗi, na ce bari ya huce na goge. Sai ga waya, 'yan ƙwallonmu sun rasa mutum ɗaya. Na duba, Umma ba za ta dawo ba sai yamma liƙis. Na bar kaskon a kan kukar girki na zura takalmi. Yanzu zan dawo, in ji ni.

Ashe an yi musu canjin shift.

Ina buɗe ƙofa ƙamshin sabulu ya tare ni. Na shiga kicin, sai idona ya sauka a kan wani abu fari tas a jingine wajen tsane kwanuka, yana ɗaukar hasken taga. Wallahi da farko na ɗauka sabon tire ta sayo. Sai da na ga 'yar lotsawar da kaskon Kawu yake da ita a gefe sannan na gane.

Umma tana zaune a kujerar kicin, ko rigar asibitin ba ta cire ba, tana shafa mai a hannu. 'Yan yatsunta sun yi jajur.

"Auta, na waye wannan ka ƙona?"

"Umma, me kika yi masa?"

"Me na yi masa? Asiri na rufa maka. Na san dai ba namu ba ne. Tun da na shigo nake kansa, ko ruwa ban sha ba. Sai da na jiƙa shi a ruwan zafi, na cinye soson ƙarfe a kansa, na haɗa da wuƙa. Kayan aro ba a mayar da shi haka, sai a ce ba ka da uwa."

Na zauna a ƙasa, a kan tayil, da takalmin ƙwallo a ƙafata. Na ɗauko kaskon na shafa cikinsa. Ƙarfe zalla, duk zanen soso, kamar bai taɓa ganin wuta ba. Ban san sanda na fara ba ta labari ba, daga Kawu har ɗakin saman shago har babbar rigar da aka bari a filin jirgi. Tana ji, hannunta ya tsaya da shafa man.

"Kana nufin baƙin da gangan ne?"

"Ya girme ni, Umma."

Ta yi salati a hankali. "Ashe tanda ce."

Ta ce tandar wainar kakarmu a Kano babu wanda ya isa ya kai mata sabulu, ko ruwa sai da izini. Ta ce wannan abu ne da ta sani tun tana yarinya. "Da ta ƙasa ce, ko mai gurabe, da na gane. To na ga ƙarfen Turawa ne, na ga ya yi baƙi, na ga kuma kai ne a gidan..."

Ba ta ƙarasa ba, amma na ji sauran. Ta ga baƙi, ta ga ni, lissafi ya fita. Kuma ban isa na ji haushi ba, don ni na koya mata wannan lissafin. Ta daɗe tana bin bayana tana kankare abin da na ƙona ba tare da ta tambaya ba.

Can ta ce, "Da ka gaya min, Auta."

Na shiga ɗaki na kira abokina. Da na gaya masa, sai da na duba wayar ko ta yanke.

"Fari kamar yaya?"

"Kamar cokali."

"Mutumina, ka mutu. Ka ce an sace a train."

"Ba zai yarda ba."

"To ka sayi sabo ka shafa masa baƙin fenti."

"Dalla ka yi magana mai ma'ana."

"To ka yi abin da ka fi iyawa mana. Ka ɓace."

Da wasa ya faɗa, amma ni tuni zuciyata ta riga shi can. Na san hanyar kamar tafin hannuna. A naɗe kasko a kwali a aika ta post, a kashe waya, a bar zuwa Birmingham, bayan wata biyu kowa ya manta. Har na fara duba ko warehouse ɗin da na bari suna ɗaukar mutane. Na kasa cin komai, na kasa zama, na kasa tsayuwa. Da wane ido zan kalli dattijon nan? Abu ɗaya tak ya ce kar a yi.

Umma ta ƙwanƙwasa ta leƙo. "Ba ni lambarsa. Ni zan kira shi na ce ni ce."

Na ce a'a.

"Ai ni na yi."

"Umma, ba za a ce na je neman aiki na tura uwata ba da haƙuri ba. Ni na bar shi a kan kuka."

Ta tsaya tana kallona na ɗan lokaci. Ta ga wayar a hannuna, na tabbata ta ga abin da nake dubawa. Ta ce, "Gobe ba ni da aiki. Ka sayo man gyaɗa."

Ranar Juma'a muka wuni muna horar da kasko. Ita ta nuna min yadda ake yi wa sabuwar tanda: a shafa mai kaɗan, a goge kamar ba a so ya zauna, a sa a wuta har ya yi hayaƙi, a bari ya huce, a sake. Ni garin sauri na malala masa mai da yawa a zagayen farko, ya fito yana danƙo kamar alewa, ta ce, "Ka gani? Shi ma ba ya son gaggawa." Oven ya ƙure, hayaƙi ya cika flat, alarm ɗin gobara ya kama ihu. Ga Umma a kan kujera tana yi masa fifita da darduma, ga ni da tawul a bakin taga, ga maƙwabciyarmu tana buga ƙofa tana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Na fita masallaci na dawo, kayana duk warin ƙonannen mai, wanda ke kusa da ni a sahu har da ɗan matsawa.

Kaskon ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma, daga nan ya koma kalar shayi ba madara. Nan ya tsaya. Duk sanda na ciro shi sai na kai shi bakin taga na duba, kamar baƙin zai fito don ina kallo.

"Ba zai yi ba, ko Umma?"

"Ba zai yi ba," in ji ta. "Abin shekaru ne. Amma ya fi ka kai shi tsirara."

Da yamma na yi kwaɓin gobe, tana zaune tana kallo. Ta sa yatsa a ruwan da zan jiƙa yis ta ce ya yi zafi, zan kashe shi, na yi kamar na fanke. Na zuba fulawa da ɗan garin masara da gishiri, na murza, na shimfiɗa, na shafe da bota na naɗe kamar tabarma, na sake dunƙulewa na rufe na sa a firij. Na tsane tumatir a rariya. Na cakuɗa niƙaƙƙen nama da tafarnuwa.

Ta ce, "To wai me ya sa miyar take sama? Wannan ai funkaso ne aka zuba wa miya."

Na ce mata saboda pizzar tana daɗewa a wuta ne. In cuku yana sama zai ƙone kafin gindin ya gasu, shi ya sa ake binne shi a ƙasa, tumatir ya yi masa rumfa. Kuma cukun yana tare ruwan nama kar ya jiƙa kwaɓin. Na yi ta zuba, har da dalilin da ya sa ba a yankawa da zafinta. Da na ɗago, na ga ba kwanon take kallo ba, ni take kallo.

"Me ya faru?"

"Ba komai. Ban taɓa jin ka yi bayanin abu har ƙarshensa ba ne."

Asabar da safe na gasa. Na manna kwaɓin, na hau da shi gefe yadda Kawu yake yi, na jera cuku, na baza nama, na rufe da tumatir. Na durƙusa a gaban gilashin oven kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ta fito da kyau a ido. Na so na zura wuƙa na ji ko ta kama, na fasa, don in ta kama ban san me zan yi ba.

Umma ta naɗe kaskon da tawul, ta ɗaure da wani zaninta kamar za a kai wa surukai tuwo. Ta cusa min kwalbar yajinta a jaka.

"Ba a zuwa ba da haƙuri hannu rabbana. Kuma in ya yi faɗa, ka yi shiru. Yana da gaskiya."

A train na ɗora ƙullin a cinya, ɗuminsa yana ratsa wandona, ƙamshi ya cika wajen, wani yaro sai leƙe yake. Ni kuwa bakina ɗaci. Duk tashar da aka tsaya sai ƙafata ta motsa da kanta. A Stoke na ce a raina, nan ma gari ne, ana rayuwa. A Wolverhampton har na miƙe tsaye. Ƙofa ta buɗe, na tsaya ina kallon dandamali, ƙullin zanin Umma a hannuna. Na tuna jajayen yatsun nan. Ƙofa ta rufe, na koma na zauna.

Na isa shago ba a buɗe wa kwastoma ba tukuna. Abokina yana nan, ya zaɓi tsayuwa kusa da ƙofar fita. Na gaida Kawu, ya amsa da fara'a, ya ce, "A'a, har da zani? Lallai an girmama mu." Na ajiye a kan tebur. Ya kwance ƙullin, ya yaye tawul.

Fara'ar ta tafi.

Bai ko kalli pizzar ba. Ya bi bakin kaskon da babban yatsa, a hankali, ya zagaye shi gaba ɗaya. Ya ɗaga ya leƙa ƙasansa. Ina jin ƙarar firij.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Kawu. Na bar shi a kan..."

"Ban tambaye ka wa ya bar shi ba. Wa ya wanke?"

"Ni ne."

Ya sake karkata shi wajen haske, ya duba lungun da gindi ya haɗu da gefe.

"Ƙarya kake. Kai da ba ka iya zama ka shanye shayi? Wanda ya yi wannan zama ya yi a kansa, ya bi shi lungu-lungu, bai bar ko ɗigo ba. Wannan hannun uwa ne."

Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye kaskon ya fita ta ƙofar baya. Muka tsaya. Abokina ya matso ya yi min raɗa, "Ban taɓa ganinsa haka ba." Na ce ya rufa min baki. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba, amma ni a wajena an yi shekara. Na riga na sallama ɗakin sama, na sallama komai, addu'ata kawai kar ya ce na fita kafin na ba shi haƙuri yadda ya kamata.

Ya dawo fuskarsa da danshi, kamar ya yi alwala. Ya ɗauko wuƙarsa mai faɗi ya zura ta gefe. Ɓangare ɗaya ya taso. Ɗayan ya kama. Ya ɗan matsa, gefen ya yage, cuku ya leƙo. Na rufe ido.

Ya yanki inda bai yage ba ya ci a tsaye. Ya tauna ya daɗe.

"Gindin ya gasu," in ji shi. "Tumatirin yana son gishiri." Ya ajiye cokalin. "Mutumin da ya ba ni kaskon nan ya rasu. Rabin baƙin nan nasa ne, rabi nawa. Nawa ban damu ba. Nasa ne ba zai dawo ba."

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri."

"Ban huce ba tukuna, kar na yi maka ƙarya. Wa ya nuna maka ka ƙona shi da mai?"

"Umma ce. Ta ce kamar tanda."

"Ta san abin ke nan."

"Ta sani. Ni ne ban gaya mata ba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙusar bango inda kaskon yake rataya, ya dubi kaskon.

"Ba zan rataye wannan a bangona da wannan kalar ba, kullum na ɗaga ido na gan shi. Wanda ya jawo aka cire, shi zai mayar. Daga yau kai za ka gasa a cikinsa, kai za ka goge, kai za ka shafa mai, har ya koma yadda na ba ka. Ranar da ya koma, in ka ga dama ka kama gabanka."

Ni da bakina da ba ya shiru, na ce, "Kawu, kamar zai kai yaushe?"

Abokina ya taka min ƙafa.

Kawu ya cire hularsa ya shafa furfurarsa. "Ni dai da baƙin gashi na fara."

Sai a lokacin na tuna da kwalbar yaji, na ciro na ajiye. Ya buɗe ya sansana, ya barbaɗa a kan ragowar yankansa. Ya nuna min tsintsiya.

Ba zan ce muku daga ranar na zama wani mutum daban ba. Cinnakun nan suna nan. An yi safiyoyi da yawa, musamman cikin hunturu, da na farka a ɗakin saman nan na ji duk garin ya ishe ni, na fara tunanin Leeds ko Dubai ko ko'ina ma. Sai na sauko na ga kaskon, ba fari ba, ba baƙi ba, a tsakiya. Duk abin da na bari a rayuwata, in na juya baya ba na sake ganinsa, shi ya sa barin yake min sauƙi. Wannan kuwa rabin aikin a rubuce yake a jikinsa, kowa ya shigo kicin zai gani. Sai na ce bari dai na gasa ta yau.

Kawu ya daɗe kafin ya huce da gaske. Ranar da na gane ya huce ita ce ranar da ya ce na gaya wa Hajiya, wato Umma, yaji ya ƙare. Yanzu in Umma ta zo Birmingham, tana shigowa zai ɗaga murya ya ce, "Yara, a ɓoye kasake, Hajiya ta iso." Ita kuma ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Alhaji, wai ba za a bar maganar nan ba?" Har yau ba ta taɓa taka ƙofar kicin ɗin ba. Kuma na lura, ban san tun yaushe ba, ta daina ce min Allah ya sa a daɗe ana yi. Yanzu in mun yi waya, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ya kaskon?"

Ya daina kama kwaɓi tuntuni. Cikinsa ya yi baƙi, a idona dai ya kai. Kwanakin baya na goge shi na miƙa wa Kawu, na ce ya duba. Ya sa tabarau, ya kai shi bakin taga, ya juya shi, ya bi bakin da yatsa kamar yadda ya yi ranar nan. Ina tsaye, sai na ji gabana yana faɗuwa, irin faɗuwar da ya yi a train, kuma sai a lokacin na gane ba tsoron ya ce bai yi ba nake ji, tsoron ya ce ya yi ne.

Ya miƙo min shi.

"Da saura," in ji shi.

Na karɓa na je na kunna oven.